Babi na Bakwai: Gizo-gizon Ingila, Kunamar Dapchi

Wanda ya taso daga Damaturu ya yi arewa, ya wuce Dapchi, ya kai Bayamari ya karya yamma zuwa Gashuwa da Nguru, in ya sa ido a kan rufin gidajen bakin hanya zai ga abu biyu da ba a cika ganinsu ba shekaru 20 da suka wuce: faifan dish da farantin sola. Su biyun nan, da wayar hannu da ta zo ta fi su yawa, ta nan katun ya shigo mana gida. Ta dish ne tashoshin yara na Larabawa irin su MBC3 da Spacetoon suka zama 'yan gida, don kyauta ake kama su, ba kuɗin wata. Ta waya kuwa ba ma sai da data ba. Ka kai memori shagon masu turi a kasuwa, su cika maka shi da fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa, da wa'azi, da waƙoƙi, su ƙara maka da Tom da Jerry saboda yara. Da magariba uwa na fama da tukunya, ƙaramin yana ta rigima, sai a miƙa masa wayar. Kafin a tuƙa tuwo a kwashe, yara sun haɗa kai a kan tabarma, na maƙwabta ma sun shigo, ba mai ko tari.

Ba na ganin laifin wannan uwa, kuma duk wanda ya taɓa yin aiki da yaro mai kuka a gindinsa ba zai ga laifinta ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke wucewa a gaban idon yaran a wannan ɗan lokaci. Muzuru ya faɗo daga saman bene ya baje a ƙasa, ya miƙe ya karkaɗe jiki. An sa wa wutsiyarsa wuta, ya yi ihu ya tsoma ta a ruwa, shi ke nan. Ɓera ya miƙa masa bam, ya tashi a hannunsa, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, ya ƙifta ido, a ci gaba da tsere. Tun 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro wannan muzuru da wannan ɓera, wato Tom da Jerry, a Amurka, kuma dokar duniyarsu ba ta sauya ba: jiki ba ya nakasa, ciwo ba ya kwana.

A ƙasashen da ake yin irin waɗannan fina-finai an daɗe ana jayayya a kan ko ya wajaba jarumin katun ya riƙa nuna wa yara kiyaye kai. Sanannen misali shi ne na Peppa Pig, katun ɗin Ingila da aka fara nunawa a 2004, labarin wata 'yar alade da iyayenta da ƙanenta. A zango biyu na farko, iyalin kan shiga mota su kama hanya ba wanda ya ɗaura bel. Sai aka kai kuka cewa wata yarinya ta ƙi ɗaura bel, hujjarta kuwa Peppa ma ba ta ɗaurawa. A farkon 2010 kamfanin da ke yin fim ɗin, Astley Baker Davies, ya karɓi gyara, ya koma kan tsofaffin zane-zanen ya sa musu bel. Kafin wannan, a 2006, ƙorafin da aka kai wa Ofcom, hukumar da ke sa ido a kan tashoshin Birtaniya, ya sa tashar Boomerang ta yarda ta yanke wasu wuraren shan taba a Tom da Jerry. Ƙa'idar hukumar ma ta fito fili cewa kada shirin yara ya nuna aiki mai haɗari da yaro zai iya kwaikwaya cikin sauƙi, sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Sun ce yara ba wawaye ba ne: miliyoyi sun girma da Tom da Jerry, ba su ɗauki guduma sun kwaɗa wa ƙannensu ba. Sun ce labarin da ba haɗari a cikinsa lami ne, yaro zai ture shi ya nemi wani, don haka jarumin da ba ya kuskure ba ya koya wa kowa komai. Sun ce tarbiyya aikin iyaye ne, ba na mai zane ba. Suna kuma tuna mana cewa in masifa ta auku, ɗora wa talabijin laifi ya fi sauƙi a kan duba gida. A 1993, a jihar Ohayo ta Amurka, yaro ɗan shekara 5 ya kunna wa gidansu wuta, ƙanwarsa 'yar shekara 2 ta rasu. Uwar ta ce katun ɗin Beavis and Butt-Head ne ya koya masa, tashar MTV ta mayar da shirin can cikin dare, ta cire zancen wuta daga cikinsa. Daga baya maƙwabta suka ce gidan ba su ma da layin da ake kama tashar. Duk wannan na yarda da shi. Amma bai kai ya rufe maganar ba.

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford, ya gwada abin a aikace. A binciken da ya wallafa da abokan aikinsa a 1963, sun raba yara 96, 'yan kimanin shekara 3 zuwa 6, gida huɗu. Wasu suka ga babba ido da ido yana jibgar wata 'yar tsanar roba mai iska, wasu suka ga wannan jibgar a fim, wasu suka ga wata kyanwa irin ta katun tana yin haka, na huɗun ba a nuna musu komai ba. Da aka bar kowane yaro a ɗaki da 'yar tsanar, waɗanda suka kalli jibgar, har da na kyanwar, sun yi duka da hauri kusan ninki biyu na waɗanda ba su kalla ba. Gwajin da ya biyo baya a 1965 shi ya fi shafar zancenmu. A nan ƙarshen fim ɗin aka sauya: wasu yara suka ga an yaba wa mai dukan, wasu suka ga an hukunta shi, wasu suka ga ba abin da ya same shi. Waɗanda suka ga an hukunta shi su suka fi kame hannu. Waɗanda suka ga ba abin da ya faru kuwa, sun kwaikwaya kamar waɗanda suka ga an yaba masa. Wato a idon yaro, aikin da ba a ga sakamakonsa ba halattacce ne.

Irin wannan aiki mara sakamako kuwa shi ya cika shirye-shiryen yara. A 2000 wasu masu bincike a birnin Filadelfiya, ƙarƙashin likitar yara Flaura Winston, sun bi shirye-shiryen yara sama da 200, suka tarar kusan rabinsu suna ɗauke da aƙalla wuri ɗaya da aka yi aiki mai haɗari, wanda yaro zai iya kwaikwaya, ba tare da an nuna illarsa ba. Yawancin yara za su kalla su yi dariya su wuce. Wasu kaɗan ba sa wucewa. A 2013, a lardin Jiangsu na ƙasar Sin, wani yaro ɗan kimanin shekara 10 ya ɗaure wasu ƙananan 'yan'uwa biyu a jikin bishiya ya kunna wuta, yana kwaikwayon yadda kyarkeci ke gasa tumaki a wani katun da ya yi fice a can. Yaran sun ƙone ƙwarai, kotu kuma ta ɗora wa iyayen yaron kashi 60 cikin 100 na kuɗin magani, kamfanin katun ɗin kashi 15. A watan Mayun 2020, a yankin Potosi na Bolibiya, wasu 'yan'uwa uku, 'yan shekara 12 da 10 da 8, suna kiwon awaki suka ga wani gizo-gizo mai mugun dafi, suka tsokane shi da tsinke har ya cije su ɗaya bayan ɗaya, da fatan za su koma kamar Spider-Man. Sai da aka kai su asibitin yara a La Paz kafin suka warke. Yara makiyaya ne, nesa da idon babba, a daji, da sanda a hannu. Ba sai na gaya wa mutumin Bursari, ƙaramar hukumar da Dapchi ke ciki, inda ya san irin waɗannan yara ba.

Saboda haka amsata ita ce e, ya kamata jarumin katun ya nuna kiyaye kai, amma da bambanci. Ba kowace ɓarna ce a zane ke ba ni tsoro ba. In aka jefo wa Tom ƙaton dutse daga sama ya koma faifai, ba yaron da ke da hanyar gwada wannan, kuma ko ɗan shekara 4 ya san jikin mutum ba ya haka. Abin tsoro shi ne aikin da kayan yinsa ke kusa da hannun yaro, ashana, igiya, wuƙa, bakin rijiya, kuma wanda ya yi shi jarumin da yaron ke so ne, kuma ya yi ya kwana lafiya. Gwargwadon yadda jarumi ya yi kama da yaro na gaske, mai uwa da uba da ƙane da makaranta, gwargwadon haka nauyin ke ƙaruwa a kan mai zanen. Shi ya sa bel ɗin Peppa ya fi gudumar Tom muhimmanci. Ba kuma ana nufin jarumi ya zama waliyyi ba. Ya yi ganganci, ya yi rashin ji, amma a bar ƙunar ta yi tabo, a bar ƙafar da ta karye ta kwana a ɗaure har fim na gaba.

Sai dai akwai abin da wannan jayayya ta Turawa ba ta taɓo ba, kuma shi ne ya fi damun yaron arewacin Yobe. Wani labarin Peppa ɗin ne ya fito da shi. A wani kashi, yara sun ga gizo-gizo a gida, ɗaya ta tsorata, uban ya kwantar mata da hankali cewa ƙaramin abu ne, ba ya cutarwa, har aka ƙare ana wasa da shi. A Ingila wannan darasi ne mai kyau, don gizo-gizonsu na gida ba shi da wata illa. A Ostireliya kuwa akwai gizo-gizon da cizonsa ke kai mutum asibiti, wani ma ya kai shi kushewa. Tashar gwamnatin ƙasar, ABC, ta ce a 2012 wannan kashi bai dace da yaransu ba, a 2017 kuma wata tashar yara ta janye irinsa bayan ƙorafin iyaye. Fim ɗaya, saƙo ɗaya, a wata ƙasa tarbiyya, a wata ƙasa ganganci. To yaron Dapchi da ya ga jarumi yana shafa ƙaramin ƙwaro yana sa masa suna fa? Abin da ke ƙarƙashin itacen girki a gidansu, ko cikin takalmin da ya kwana a tsakar gida, kunama ce. Ramin da jarumin katun ke zura hannu ya zaro zomo mai murmushi, a dajinmu yara masu farautar gafiya sun sha zura hannu a irinsa su taɓo kububuwa. Ostireliya tana da tashar da za ta tace ta ce wannan ba namu ba ne. Abin da ya sauka ta dish ko ta memori a Gashuwa ba wanda ya tace shi da yaron Gashuwa a zuciya. Ko katun ɗin da ya fi kowane kiyayewa, wanda kowa a cikinsa ya ɗaura bel, ya tsaya a danja, ya kira motar kashe gobara, rigar sanyi ce aka aiko wa mai fama da zafin Afrilu.

A ɗauki ruwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa a fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, su haɗu a wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe, Komadugu Gana kuma yana bi ta kusa da Dapchi. Ruwan nan shi ne abincin mutane: su, noman shinkafa, kwale-kwale. Ba wanda zai raba yaron Bade da kogi, kuma bai kamata a raba shi ba. Amma je ka tsaya a gaɓa a watan Agusta ko Satumba. Yara sun tuɓe riguna sun tara a gindin bishiya, babbansu ya ja da baya ya sheƙo a guje ya yi alkafura, na biye ya bi, ƙaramin da aka bar wa gadin riguna yana ta matsowa har ruwa ya kai masa gwiwa. Ruwan ja ne, ba a ganin ƙasansa, wurin da jiya ya tsaya a ƙugu yau ya shanye kai, ga kacalla da ke riƙe ƙafa. Cikin gari kuma ga kududdufan da aka haƙa don bulo, sun cika sun batse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yanzu a tuna yadda katun ke nuna nutsewa: mai nutsewa yana ɗaga hannu yana ihu a cece shi, abokinsa jarumi ya yi tsalle ya faɗa ya fito da shi, ya tofar da ruwa da ɗan kifi, kowa ya yi dariya. Duka biyun ƙarya ne mai kisa. Yaron da ruwa ke ci ba ya samun numfashin ihu, shiru yake tafiya. Wanda ya faɗa don ceto kuma, in bai ƙware ba, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. Abin da ya kamata yaro ya gani jaruminsa na yi shi ne ya kwarma ihu a kira manya, ya kwanta a gaɓa ya miƙa doguwar sanda, ko ya jefa jarkar da ba komai a ciki, a rufe, don mai nutsewa ya rungume.

Wuta ma haka. Da hunturu ana kwana da kaskon garwashi a ɗaki, yara na jin ɗumi da zannuwa a jiki. Fetur a galan da kwalba yake a bakin titi wajen 'yan bumburutu, wani lokaci ma yaro ne ke tsiyayawa. Kananzir da fiya-fiya a robar lemo ake zuba su a ajiye a ƙarƙashin gado, ɗan shekara 2 kuma robar ya sani, bai san abin da ke ciki ba. A daren 15 ga Oktoban 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya na jihar Jigawa. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar man da ya malale, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Talauci ne ya kai su, ba katun ba. Amma yaran da za su tsaya a gaban wata tankar da ta kife nan da shekaru 10, yanzu suna kan tabarma suna kallo, kuma duk abin da suka taɓa gani game da mai da wuta a zane shi ne fuska ta yi baƙi, gashi ya miƙe, a wanke a ci gaba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne bam. A katun, bam baƙar ƙwallo ce mai lagwani, ko jar sanda mai tartsatsi. Ana ganinsa a san shi, ana jifa da shi kamar ƙwallo, ana zama a kansa, ana haɗiye shi. Jihar Yobe kuwa ta sha yaƙi sama da shekaru 10, kuma yaƙi ba ya kwashe kayansa in ya tafi. A yankunan da aka gwabza, musamman gabashi da kudancin jihar, har da Gaidam da ke maƙwabtaka da Bursari, ƙasa na iya riƙe harsashi ko gurneti ko kan roka da bai tashi ba. Ba shi da lagwani, ba ya tartsatsi. Guntun ƙarfe ne mai tsatsa, rabinsa a binne, wanda ruwan sama ya tono a gefen gona. Ga kuma sana'ar jari-bola, wadda ta koya wa yara cewa kowane ƙarfe kuɗi ne, a ɗauka, a ƙwanƙwasa a ji nauyinsa, a jefa a buhu a kai sikeli. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi, UNMAS, da ƙungiyoyi irin su MAG suna bi makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira a Borno da Adamawa da Yobe suna koya wa yara abu uku: kada ka taɓa, ka koma ta inda ka fito, ka gaya wa babba. Suna zuwa su yi ɗan lokaci su tafi. Muzurun da bam ke tashi a hannunsa ya kuma miƙe yana nan kullum da magariba. Ba na cewa yaro zai ɗauki ƙarfe don ya ga Tom ya ɗauka. Ina cewa muna da malami mafi riƙe hankalin yara a gidajenmu, kuma a kan abin da ya fi kowane haɗari a yankin nan, ko dai ya yi shiru ko ya faɗi akasin gaskiya.

Kakanninmu sun san wannan aiki tun kafin a ƙirƙiri talabijin. Gizo na tatsuniya ba abin koyi ba ne ko kaɗan: makwaɗaici ne, maƙaryaci, mai ganganci, yana cutar matarsa Ƙoƙi, yana shiga inda ba a aike shi ba. Ba wanda ya taɓa cewa a gyara Gizo ya zama salihi, don da an yi haka da yara sun yi barci tun ba a kai rabi ba. Amma kwaɗayinsa kan kai shi ga duka, ko kunya, ko gudun ceton rai, kuma ko a inda ya sha, mai ba da tatsuniyar tana zaune, tana ganin fuskar kowane jika. Ta san wanda ya cika rawar kai, ta san wanda jiya aka kamo a bakin rijiya, sai ta karkata labarin ta inda zai same shi. Ta haɗa da camfi: akwai Dodo a kududdufi, 'yan ruwa na jan ƙafar yaron da ya je kogi da tsakar rana. Ba na kewar wannan ɓangaren, don ranar da yaro ya gano ba Dodo, ya watsar da gargaɗin gaba ɗaya, alhali zurfin ruwan na nan. Abin da nake kewa shi ne babba a gefen labari. Har yanzu kuma ana iya samunsa. Na ga inda yaro ya ɗago daga waya ya ce wa yayarsa, "Yaya, ai shi ba ya mutuwa ko?" Ta ce, "Shi zane ne, Auta. Kai in wuta ta taɓa ka, ka tuna hannun da ka sa a murhu bara?" Ya duba tabon, ya koma kallonsa. Ba ta kashe wayar ba, ba ta yi masa wa'azi ba, ta dai haɗa masa abin da ya gani da jikinsa.

An kuma gwada yin namu, an ga yana yiwuwa. A 2011 tashar NTA ta fara nuna Sesame Square, wanda aka yi a Najeriya da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, da 'yan tsana biyu: Zobi, direban tasi mai son doya, da Kami, 'yar shekara 5 mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wadda aka fara fitowa da ita a Afirka ta Kudu a 2002. An yi amfani da su wajen zancen gidan sauro da tsafta da karatun 'ya'ya mata, daga baya aka yi na Hausa. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya ya yi katun ɗin Akili, wanda shi ma aka juya zuwa Hausa aka nuna a Arewa24. A Abuja, Adamu Waziri ya yi Bino and Fino. Waɗannan sun fi karkata ga ƙidaya da haruffa da lafiya da sanin al'ada, amma sun nuna cewa yaro na iya son jarumin da ya yi kama da shi, yana magana da bakinsa, yana cin abin da yake ci. Abin da ya rage shi ne a kai wannan jarumi bakin kogi da gefen gona.

Doka ba za ta yi mana wannan aikin ba. Hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, NBC, da aka kafa a 1992, ikonta a kan tashoshin cikin gida yake, bai kai ga tauraron ɗan Adam na Larabawa ko YouTube ko memori ba. Waɗanda ke da iko na gaske su ne masu juya fim zuwa Hausa, don muryarsu ce yaro ke ji, kuma sun riga sun saba ƙara nasu zancen a kan na asali don ban dariya. Wanda ya iya sa wa muzuru baƙar magana zai iya sa wa ɓera ya ce wannan a zane ne kawai ake tashi. Dole kuma a faɗi iyakar abin. Duniya ta san sunan Dapchi ne saboda daren 19 ga Fabrairun 2018, da aka kwashe ɗalibai mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta 'yan mata, biyar ba su dawo da rai ba, Leah Sharibu kuma aka riƙe ta. Ba wani zane da zai kare yaro daga irin wannan, kuma zalunci ne a ɗora wa ɗan shekara 6 nauyin tsaron kansa. Rufe rijiya, cike kududdufi, rigar ruwa a kwale-kwale, share gonaki daga ragowar makamai, duk aikin manya ne da hukuma.

Abin da zane zai iya shi ne ɗan guntun da ya rage, lokacin da yaro yake shi kaɗai da awakinsa, ba babba kusa, ga abu a gabansa. Don wannan lokacin nake son a yi mana jarumi ɗan yankin nan, yaro makiyayi mai rawar kai da ƙanwarsa mai wayo, a gajerun fina-finai na minti uku ko huɗu. Ya zama mai ban dariya da gaske, in ba haka ba ba mai kallo. Ya riƙa kuskure. In abokinsa ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ya tsinta ya rasa yatsu, ba sai an nuna jini ba, amma a kashi na gaba da na bayansa a ci gaba da ganinsa da hannu a naɗe, yana koyon cin tuwo da ɗayan. Kada kuma a tsaya a Hausa. Ita ce harshen kasuwa daga Dapchi har Nguru, amma yaron da bai shiga makaranta ba a ƙauyukan Bade da Badanci yake tunani, na Manga da Barbarci, na ruga da Fulatanci, kuma su ne suka fi kusa da kogi da daji. Zane ɗaya ya isa, murya ce za a sauya sau huɗu, kuma a Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ba za a rasa ɗaliban da da waɗannan harsuna aka yi musu tatsuniya ba, waɗanda za su iya ba da muryar.